Doguwar Dawar Dabo

Ka taɓa ganin gonar da ta fi kowace gona kyau a gari, kore shar, karan dawarta ya wuce kan mutumin da ke bisa raƙumi, amma aka kai ƙarshen kaka mai ita bai ɗaure abin da zai ciyar da gidansa ko na wata guda ba? An yi irinta a Illela, kan hanyar Kalmalo, zamanin da Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba. Mai gonar sunansa Dabo.

Ba da noma aka san Dabo ba. Ubansa manomi ne, wansa Halliru ma manomi ne, amma shi tun yana saurayi ya bi ayari. Kanwa da gishiri yake ɗaukowa daga arewa, ya gangara da su kudu har ƙasar Kwantagora, ya komo da goro da tufafi. Mutum ne mai kan lissafi. Ya san zango nawa ne tsakanin gari da gari, ya san nauyin da jaki zai ɗauka bayansa bai yi miki ba, kuma bai taɓa yarda da abin da bai ƙirga da kansa ba. A ganiyarsa jaki goma sha ɗaya gare shi, kowanne da sunansa.

Sai aka zo aka jera duwatsu cikin daji tsakanin Illela da Ƙonni, aka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Hanyar da kakanni suka bi ba mai tambayarsu ta zama a tsare ka nan, a kwance maka kaya can. Wata shekara sojoji suka kama masa jaki huɗu don ɗaukar kaya, bai sake ganinsu ba. Biyu kuma ciwon kudu ya kashe. Da ya ga saura biyar, sai ya ce fatauci ya ƙare, zai koma ya karɓi gonarsa ta gado.

A tafiyarsa ta ƙarshe ne ya ga dawar. Kaka ce, ya sauka gidan wani mai masauki a ƙasar Kwantagora, ya tarar ana yanka a bayan gida. Farfara suke kiranta. Kara kamar gora, zangarniya ta kai kamu guda tana lilo, tsaba fara tas kamar haƙorin yaro. Dabo ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murje ta cikin ƙwarya, ya ga ta ba da abin da uku na gidan ubansa ba za su bayar ba. Ya tambayi mai masaukin wata nawa take yi. Aka ce masa a shuka ta da ruwan fari, a yanke bayan wata shida. Bai sake tambayar komai ba. Ya rage goro, ya cika taiki biyu da iri.

Yana tafe kan hanyar gida yana lissafi. Gonarsa takan ba da dami arba'in na gajerar dawa. Sau uku, ɗari da ashirin. Baki shida ne a gidansa: shi, matarsa Tasalla, da 'ya'ya huɗu, babban Lawwali, ƙaramar Ummu tana goye. Dami sittin ya ishe su shekara har da baƙo. Sauran sittin sai sabon rumbu. Kafin ya hango Illela har ya zaɓi inda zai gina shi.

Halliru ya tarye shi da murna, ya nuna masa iyakar gonar, laka ce mai nauyi da ta gangara wajen tafki. Sannan ya shiga rumbu ya fito da zangarnu jajaye, gajeru, a ɗaure.

"Ga irin tsoho na aje maka," in ji Halliru. "Janjari ta. Tuwonta ba shi da kyan gani, amma ba ta taɓa bari munka kwana da yunwa ba."

"Yaya, ba ka ga abin da nag gani ba."

"Mi kag gani?"

Dabo ya kwance bakin taiki ya damƙo masa. Halliru ya juya tsabar a tafin hannu, ya ciji ɗaya.

"Zangarniya guda awa ukku naka," in ji Dabo.

"A ƙasassu."

"Ƙasa ƙasa ta, Yaya. Ruwa ruwa na."

"Baƙo raɓa na, Dabo. Ka ba ta kunya biyu a gefen gona ka ga halinta, tun ba ta ba ka kunya ba."

Dabo ya yi dariya, ya ce kunya biyu shukar tsofaffin mata ce. Halliru ya mayar da janjarinsa rumbu. Tasalla ce kawai ta samu abin da ta roƙa. Ta bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta ce, "Maigida, baki shidda na gidan ga. Ka bar mini kan tudu in sa hatsi, ko don hurar yara." Ya bar mata wani ɗan yanki mai rairayi da ya ce ba shi da amfani, ta shuka gero.

Damina ta farko ba ta da laifi. Ruwa ya sauka a kan kari, farfara ta tsiro ba gurbi, ta miƙe. Kafin a gama maimai ta shanye kan mutum. Masu zuwa kamun kifi Kalmalo sukan tsaya su riƙe baki. Mutanen ƙauyen Araba da suka zo cin kasuwa har ratsewa suke yi su gani. Dabo kuwa kullum da safe sai ya zaɓi kara ɗaya ya ƙirga gaɓoɓinsa.

Gero ya yi tumu, aka girbe. Janjarin Halliru da ta maƙwabta ta ɗauki ciki, ta fitar da kai, bununi ya zuba, ido ya fara cika. Ta Dabo sai ƙarin ganye.

Akwai wani Maccido, ladanin masallacin unguwarsu, taubashin Dabo ne, don haka ba ya raga masa. Wata rana ya biyo ta gonar, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Bahwatake! Dawar kowa ta ɗauki ciki, amaryar taka shiru. Ita ta juya marar haihuwa, ko ango na bai iya ba?"

"Ɗiyar manya ba ta gaggawa," in ji Dabo. "Taku akuya ta, ta haihu da wuri ta haihi abin da bai cika hannu ba. Tawa raƙuma ta."

"Raƙuma ko aljana Doguwa? Ni dai in na biyo nan da tsakar rana sai na yi addu'a."

Daga ranar sunan ya bi ta. Yara ma Doguwar Dabo suke cewa.

Ruwa ya ɗauke lokacin da ya saba ɗaukewa. Laka ta fara tsagewa. Sai da ƙasa ta bushe, maƙwabta sun fara wasa wuƙar yanka, sannan Doguwa ta ɗauki ciki, gona duka kamar an yi mata kira. Dabo ya je masallaci yana murna yana gaya wa kowa. Kai ya fito, dogo kamar yadda ya gani a kudu. Amma ba danshi a ƙasa, rana ta ƙarshen damina tana dukan bununi, iska ta juya ta zama busasshiya. Zangarniya ta tsaya tsaye, ba ta sunkuya ba, don ba abin da zai sunkuyar da ita. In ka murza sai ƙaiƙayi. Gonar da aka yi wa lissafin dami ɗari da ashirin, da aka sussuke ta kaf, ƙwarya biyu ta bayar, daga gindin kwari inda ruwa ya ɗan daɗe.

Tasalla ta ce a bari ta daka ko mudu ɗaya yara su ɗanɗana abin da aka sha wahala a kai. Dabo ya hana. Ya ce iri ne. Ya zuba cikin tulu ya liƙe bakin da laka. Geron kan tudu ya ba da dami tara. Jaki biyu suka tafi kasuwa, suka dawo a matsayin hatsi. Saura uku.

Wani mutum da nan zai tsaya. Dabo kuwa rani duka yana juya abin a ransa, har ya gano inda yake ganin kuskuren yake. Ya sami Halliru a zaure yana tufka.

"Yaya, na gane. Wata shidda taka so. Damanarmu wata huɗu ta, wani bi ba ta kaiwa. Hidda huɗu cikin shidda, saura biyu. Biyun ga su na bashinta. In na shibka ta tun bazara na ba ta ruwa da hannu, sai ta yi ciki tsakiyar damana, ta cika ido ruwa na bisa."

"Gona ba hanya ba ta, Dabo."

"Wanda yay yi sammako shi ka riga isa zango. Hatsi ba hakanan shika yi ba? Wanda yash shibka da wuri, ba shi ka riga cin tumu ba?"

Halliru ya yarda gaskiya ne, haka gero yake yi. Ya san a jikinsa dawa ba haka take ba, amma bai san yadda zai faɗa ba. Abin da ya iya cewa kawai, "Ka tuna da yaran nan."

"Don su nika yi."

Ya haƙa rijiya a ƙasan gona, inda ruwan tafki yake kusa, ya kafa jigo. Ya auna ya ga kashi ɗaya cikin uku na gonar ne ƙarfinsa zai iya shayarwa, ya ce ya isa, dami arba'in ke nan. Ya fasa tulu ya shuka cikin tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ƙadangare ma yana neman inuwa. Mudu ɗaya ya rage, ya mayar cikin tulun.

Wanda bai taɓa shayar da laka a bazara ba bai san ƙishirwa ba. Ka zuba guga, kafin ka juya ta shanye ta buɗe baki. Dabo yana kan jigo tun da sassafe har rana ta take, ya koma bayan la'asar. Kunyoyin da ruwan jigo ba ya kaiwa, jakuna ke kai musu a salka. Tasalla da tulu a ka, Ummu a baya. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Jaki ɗaya ya durƙusa da kaya wata rana da hantsi, bai tashi ba. Ɗaya kuma aka ba da shi don hatsi, saboda mai jan ruwa yana cin tuwon mutum biyu. Saura ɗaya. Amma dawa ta tsiro, ita kaɗai ce kore a faɗin wannan ƙasa, awakin gari duka suka san hanyarta, sai da aka kewaye ta da ƙaya.

Sannan damina ta ƙi zuwa. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Aka fita roƙon ruwa. Wata biyun da Dabo ya yi niyyar ja suka zama uku da wani abu. Da ruwan ya zo, yayyafi ne mai rowa, a yi sau ɗaya a daɗe ana kallon sama. Mutane suka shuka a makare. Tasalla ta sa gero a sauran gonar, ta kuma ɗebi 'yar damƙa daga tulu ta cike guraben da farfara ta mutu a bakin kunyoyi. Geron bai samu noma ba, don duk lokacin da ruwa ya yi fashi hannu huɗun gidan suna wajen jigo. Ciyawa da ƙuduji suka raba shi tsakaninsu.

Dabo bai damu ba. A lissafinsa Doguwa ta kusa. Tsakiyar damina ta zo, lokacin da ya yanka mata, ya bi kara ɗaya ɗaya yana matsa wuyansu ko zai ji kumburi. Ba komai. Ya ce zafin bazara ne ya jinkirta ta, ya ƙara mata kwanaki. Suka wuce. Bara gaɓa goma sha biyar ya ƙirga kafin ta yi ciki. Bana ya ƙirga goma sha biyar, ya ƙirga ashirin, ya ƙirga ashirin da huɗu, sai ya tanƙwaro kara kafin ya kai ga na sama. Duk ruwan da ya ja, kara ya zama da ganye.

Janjarin Halliru kuwa, wadda aka shuka a makare, ko ƙugu ba ta kai ba ta ɗauki ciki, daidai lokacin da ta saba kowace shekara. Kanta ƙanana, amma da ido a ciki.

Ruwa ya ɗauke tun kafin lokacinsa. Tafkin Kalmalo ya ja baya, ya bar taɓo da mataccen kifi, har tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin tsakiyarsa kusa haka ba. Rijiyar Dabo ta koma laka. Ya ƙara mata zurfi, ta ba da guga uku a yini, ta koma biyu, ta ƙafe. Ƙugunsa ya riƙe, ga kurkunu ya fito masa a ƙafar dama. Da sanda yake zuwa gona, ya zauna gindin wani gawo yana kallo.

Nan Maccido ya same shi wata rana gab da azahar. Bai yi masa ba'a ba, ya dai zauna kusa da shi.

"Tashi ka gani," in ji Dabo.

Ya ɗingisa ya kai shi bakin kunya. Doguwa ta yi ciki, manyan duka, wuyansu ya kumbura can sama. Sai Dabo ya nuna ƙasa da sandarsa. 'Yan guraben da Tasalla ta cike bayan saukar ruwa, waɗanda manyan suka girme su da fiye da wata uku, ga su nan iyakar ƙirji, sirara, gaɓa tara ko goma. Su ma sun yi ciki.

"Yaushe?" in ji Maccido.

"Tare. Cikin kwana bakwai."

Maccido ya dubi manyan, ya dubi ƙananan. Ya dubi inuwarsa a ƙasa, kamar yadda ya saba in zai kira salla.

"Bara, ranar da kaz zo masallaci kana murna ta yi ciki, na tuna. Sandar da nika duba azahar da ita, inuwarta ta kai gindin randar alwala. Shekaranjiya ta kai."

Dabo ya sake duban 'yan guraben.

"Ashe ba tahiya taka yi ba," ya ce a hankali. "Jira taka yi."

"Jiran mi?"

"Kai ka hi ni sani. Mi ka canzawa yanzu?"

"Asuba na ƙara nisa, magariba na matsowa. Wuni na raguwa."

"Shi taka jira. Ni ina ta ja mata ruwa don ta yi sauri, ita tana kallon rana." Ya buga sandarsa a busasshiyar laka. "Maccido, ruwan da naz zuba mata a bazara, yau taka bukatatai. Da na aje ƙarhina da jakkaina zuwa yau..."

Bai ƙarasa ba. Maccido ya ɗaga kai ya dubi gawon da ke bisansu, wanda ya yi damina duka tsirara kamar matacce, yanzu da ruwa ya ɗauke yake fitar da sabon ganye.

"Kowa da lokacin da Allah Ya yanka mai," ya ce. "Tashi mu tai salla."

Abin da Dabo ya gano a bakin kunyar nan, haka yake. Gero yawancinsa kwanakinsa yake ƙirgawa, shi ya sa wanda ya riga shuka yake riga cin tumu. Dawa irin ta gargajiya, da maiwa, da waken gida, ba haka suke ba. Zafi da ruwa suna sa su yi ganye da tsawo, amma ba sa sa su yi fure. Sai wuni ya ragu, dare ya ƙaru zuwa wani gwargwado, sannan shuka ta daina yin ganye ta juya ga yin kai. Kowane iri kuma da nasa gwargwadon, wanda ya dace da ƙasar da ya tashi. Janjarin Illela tana juyawa da wuri, don ta cika ido kafin ruwan arewa ya ɗauke. Farfarar kudu tana jira sai wuni ya ƙara raguwa, don a can ruwa yana kaiwa har lokacin. Wata shidan da aka gaya wa Dabo ba tsawon tafiyarta ba ne, tsakanin ruwan farin ƙasarsu ne da lokacin da ta saba. Ka kawo ta arewa ka shuka ko da wane wata, ranarta ba ta matsowa.

Kan Doguwa ya fito, ya bushe a tsaye. Bana ko gindin kwari bai ba da komai ba. Geron da ciyawa ta ci ya ba da dami biyu da rabi.

Shekarar ce aka yi babbar yunwa. Ba gidan Dabo kaɗai ta shiga ba, amma wasu ta same su da ɗan abin bara a gindin rumbu, shi kuwa ta same shi rumbu a share tun shekara biyu. Mutane suka riƙa gangarowa daga arewa, suna wuce duwatsun iyaka ba mai tsare su, wasu da yara a kafaɗa, wasu ba sa kaiwa gari. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta a zubar da ruwan ɗaci sau da yawa kafin a ci. Aka tone gidajen tururuwa don tsabar da suka tara. 'Ya'yan Dabo suka yi ta tauna karan Doguwa, da ɗan zaƙi-zaƙi a gindinsa, har dasashinsu ya yi jini. Jakin ƙarshe ya tafi a kan abin da bai cika ƙwarya uku ba.

Ranar da komai ya ƙare, Tasalla ta ɗauko tulun nan ba ta tambayi kowa ba. Dabo yana kwance a tabarma yana jin ta fasa bakin, yana jin sautin turmi, bai hana ba. Ta tuƙa tuwo. Fari sol ya fito, mai laushi, mai ƙamshi, irin wanda ba a taɓa tuƙawa a unguwar ba. Ta raba shida. Yara suka cinye suka lashe akushi. Lawwali ya ce, "Inna, wanga tuwo da daɗi shike. Gobe ma shi za a yi?" Dabo ya tura nasa gaban yaran, ya juya fuska ga bango.

Washegari Halliru ya zo. Shi ma ya rame har riga ta yi masa yawa. Dami goma sha ɗaya ya samu inda yakan sami arba'in, ga baki tara a gidansa. Bai zauna ba.

"Dabo, na auna abin da ar rumbu, na sake aunawa. Kai dai ba ka iya tahiya, zaurena na nan, mu raba abin da nika ci. Cikin yara, biyu nika iya ɗauka. In na ce ukku, ƙarya ni kai, sai mu bizne su tare da nawa. Ku zaɓa."

Dabo, wanda bai taɓa rasa amsar lissafi ba, ya dubi 'ya'yansa huɗu a jere jikin danga. Ya fara daga babba ya kai ƙarama, ya komo. 

Tasalla ce ta yi magana, ba ta dubi kowa ba.

"Babban na iya tahiya da ƙahwatai. Ƙaramar na bayana, ba mai ba ta nono sai ni. A bar na tsakiya."

Ta kama hannun na tsakiyan biyu ta sa cikin hannun Halliru. Da hantsi ta bi wani ayarin masu gudun yunwa da suka nufi kudu, inda aka ce akwai dawa. A ƙofar gida ta durƙusa ta ce, "Maigida, mu yahi juna." Ya ce, "Ni ad da laihi." Ta ce, "Ban ce ba." Ta tashi ta gyara goyo.

Bayan wata biyu wani mai dawowa ya ce an binne Ummu a gefen hanya tun ba a kai Sakkwato ba. Ya ce ya ga Tasalla da yaron sun wuce gaba. Daga nan ba a sake jin labarinsu ba.

Dabo ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka, a zauren wansa. Ƙafar ta warke a shanye. Yaran biyu suka girma suna kiran Halliru Baba. Gonar ta koma hannun Halliru, aka mayar da ita janjari. Karan Doguwa kuwa, da shi aka yi dangar rabin unguwa, ya shekara huɗu bai ruɓe ba, mutane suna cewa ba su taɓa ganin kara mai kyansa ba.

Igiya yake tufkawa. Ranar kasuwa sai ya ɗingisa ya zauna inda hanyar kudu take shigowa gari, ya baza igiyoyinsa. Duk ayarin da ya sauka sai ya tambaye su ko sun ga wata mace 'yar Illela, doguwa, mai tsaga uku a kumatu, da ɗanta. Tun yana cewa yaro, har ya koma cewa saurayi, har ya koma cewa magidanci. In kuwa ya ga baƙo ya kwance iri yana yabonsa, manoma sun kewaye shi, sai ya miƙa hannu a zuba masa kaɗan, ya juya shi a tafi, ya yi tambaya ɗaya: daga ina, kudu ko arewa? In aka ce kudu, sai ya ce wa masu saye su ba shi kunya biyu kawai, ɗaya da ruwan fari, ɗaya bayan wata guda, su zuba ido. Wasu su ji, wasu su ce tsohon nan yunwa ta taɓa masa kai. Ya rasu da kaka, aka binne shi yamma da gari.

Kai mai karatu, in kana da ko bayan ɗaki ne, gwada ka gani da idonka. Nemi dawa irin ta gida wajen tsohon manomi, ba sabon iri mai saurin nuna ba. Shuka kunya ɗaya da ruwan fari, ɗaya kuma bayan wata guda. Ka riƙa matsa wuyan kara kana duba ranar da kowace ta ɗauki ciki, ka ƙirga gaɓoɓin ta farko da na ta biyu. In wani ya kawo maka iri daga nesa, shi ma ka yi masa haka kafin ka yarda da shi. Damƙa ɗaya ta isa. Sauran gonar ka bar wa irin da ya san ƙasarku.